Fita da mota daga Kano, miji da mata su kaɗai: inda aikin ya kai

Asabar, 4 ga Oktoba

Abin da muka sa a gaba shi ne tantance hanyoyin da miji da mata za su iya bi da motarsu daga Kano, su ga wuri, su sha iska, su dawo lafiya ba tare da sun dogara da sa'a ba. A cikinmu akwai bakanike, akwai direban da ya san titunan Arewa, akwai kuma mace da ke lura da sha'anin masauki, abinci da sutura. Motar gwaji Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, mai injin 1.8. Da gangan aka zaɓe ta, domin irinta ta cika gari kuma kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa.

Dalilin aikin a fili yake. Yawancin ma'aurata a Kano ba sa hawa babban titi tare sai don biki, suna, ta'aziyya ko asibiti, kuma mota cike da dangi. Akwai waɗanda suka shekara goma da aure ba su taɓa zama awa biyu su kaɗai ba tare da kukan yaro, sallamar baƙo ko ƙarar waya ba. Muna ganin wannan rashi ne na gaske, kuma maganinsa bai kai tsadar da ake zato ba.

An kasa wuraren gida uku: na yini guda ƙasa da kilomita 100 (Tiga, Bagauda, dam ɗin Challawa a Ƙaraye), na yini guda mai nisa (Dutse, Birnin Kudu, Daura), sai na kwana (gandun dajin Yankari da fadamar Baturiya a Jigawa). Ƙa'ida ɗaya ce ba za a taɓa ba: babu tuƙin dare. Kiran sallar magariba ya same ku a gida ko a masauki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An fara da abin da ya fi tsayar da mutane a hanya, wato zafin inji. Da aka buɗe, sai aka tarar an cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwan sanyaya inji hanya in inji ya yi zafi, an kuma haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Haka ake yi wa motoci da dama a garin nan da sunan kare su daga zafi, amma illa ce. Injin da ba ya kai ga zafinsa na aiki yana shan mai fiye da kima, baƙin mai na saurin lalacewa, kuma fankar da ba ta hutawa kan mutu ba sanarwa, galibi a inda babu mai rewaya. An sa sabon tamostat mai buɗewa a digiri 82, an mayar da wayar fanka yadda kamfani ya tsara.

Ruwan lagireto ja ne jawur don tsatsa, alamar an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya. An wanke, an zuba ruwan sanyaya inji gauraye rabi da rabi da tataccen ruwa. Tsarin gaba ɗaya yana ɗaukar kimanin lita 6 da rabi. Wurin da ake yawan yin kuskure shi ne fitar da iska. Inji a sanyaye, a bar murfin lagireto a buɗe, a kunna, a juya hita zuwa ƙarshen zafi, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina fitowa kuma fanka ta tashi da kanta ta tsaya. In aka bar iska a ciki, allurar zafi za ta riƙa hawa da sauka, kuma a nan gasket ke fara ƙonewa. An canza murfin ma, don robarsa ta tsattsage. Kada a kuskura a buɗe shi inji na da zafi, ko da rigar tsumma.

Baƙin mai da filta sabbi, kusan lita 4. Wannan inji sarƙa gare shi, ba bel ɗin tayimin ba, saboda haka ba abin damuwa a nan. Amma fambel guda ɗaya ce ke juya altaneta, famfon ruwa da na'urar sanyi. In ta tsinke, fitilar batir za ta kama, zafi ya hau cikin 'yan mintuna. A tsaya nan take, kada a ce bari a ƙarasa gari na gaba. An sa sabuwa, tsohuwar da ke da sauran ƙwari ta koma but a matsayin ta ko-ta-kwana, tare da lita ɗaya ta baƙin mai da jarkar ruwa mai lita 5.

Litinin, 13 ga Oktoba

Tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu da ƙera ta, komai kyan zanenta. Biyu na baya sun wuce, an sauya su. Safaya kuwa babu iska a cikinta sam, kuma haka safayar mafi yawan motocin gida take, don ba mai leƙa ta.

Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A wannan motar PSI 30 ne a ma'aunin iska. Masu faci da yawa kan bunƙa 40 zuwa sama. Taya mai iska fiye da kima tana rage riƙon titi, tana cinye tsakiyarta, tana kuma saurin fashewa in ta daki rami da tsakar rana. A sayi ƙaramin ma'auni a ajiye a mota, a auna da safe kafin a motsa.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba: notin taya. In mai faci ya sa bututu a sifana ya hau da ƙafa, ba mai iya kwance shi a bakin daji. Gwajinmu shi ne a kwance kowane noti da sifanar motar kanta a gida, a sake ɗaurewa daidai ƙarfin hannu, a kuma ɗaga motar da jak ɗinta don a tabbatar yana aiki. Yana da kyau uwargida ta tsaya ta ga yadda ake yi, ta san inda ake kafa jak. An canza fatar birkin gaba da ta kusa milimita 3, da man birki DOT 3 da ya yi baƙi.

Takardu: lasisin tuƙi, takardun mota da ba su ƙare ba, da inshora. Ta mafi ƙaranci naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma a saya ta hannun kamfani mai rajista, don jabu ta yi yawa. Sai gwangwanin kashe gobara da allurarsa ke kan kore, sikoshin, tocila, da akwatin magani. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Ta kasance a wayoyin duka biyu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwajin hanyar Tiga. Fita ta titin Zariya, kuma a wuce Na'ibawa kafin ƙarfe bakwai, tun 'Yan Lemo ba ta cika da manyan motoci ba. Daga nan Kura da injinan shinkafarta, sai magudanan ruwan Kadawa, sannan a karkata ta wajen Bagauda, inda tsohon otal ɗin bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi. A ware awa ɗaya da rabi. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 160 ne; a kan lissafin lita 8 a kowane kilomita 100 ya kama lita 13, amma a zuba 20.

Wannan lokaci na kaka shi ne mafi kyan gani a hanyar: dawa ta sunkuya, ana yankan shinkafa, ganye bai gama bushewa ba. Sai dai yana da haɗarinsa. Manoma na shanya amfanin gona a gefen kwalta, amalanke da babura masu ɗauke da dami na shiga titi ba zato, garken shanu na tsallakawa. A cikin kowane ƙauye kada a wuce 50.

An gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, kuma ruwansa ne ke ciyar da noman rani na Kadawa da Kura. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin faɗinsa, ga duwatsun yankin Rurum da Rano a kewaye. Kyawun wurin da sassafe ne, lokacin da masunta ke dawowa da kwale-kwale. Daga ƙarfe sha ɗaya rana na dukan ruwan tana dawowa ido, inuwa kuma ba ta da yawa. Shawara: a isa kafin tara, a yi walaha a bakin ruwa, a juyo bayan azahar.

Abubuwa uku da aka rubuta da jan biro. Kada a shiga ruwan ko a tsoma ƙafa, domin ruwa mai kwanciya irin wannan yana ɗauke da tsargiya. Kada a hau kwale-kwale ba rigar ceto, ko da an ce ɗan zagaye ne kusa da gaɓa. A kuma nemi izinin jami'an wurin kafin ɗaukar hoton ginin dam ɗin. Mai son tsarabar kifi, karfasa ko tarwaɗa, ya zo da kula da ƙanƙara daga gida. Kifin da ya yi awa biyu a but cikin leda ba ya isa gida da daraja.

Talata, 28 ga Oktoba

An cire Falgore daga wuraren tsayawa. Dajin yana da kyau, amma ya yi suna da matsalar tsaro a shekarun baya, kuma ba za mu tura mutum da iyalinsa inda hankali ba zai kwanta ba. Ƙaraye ta koma jerin watan gobe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Hanyar gabas, ta Hotoro da Mariri zuwa Wudil. Ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu na toshe wajen gada, don haka a kauce wa ranar. Wani abin lura a wannan titi shi ne rana: da safe tana fuskar mai fita, da yamma tana fuskar mai dawowa. A wanke gilashin gaba ciki da waje kafin tashi, domin dattin ciki ne ke watsa haske ya rufe gani, kuma direba ya riƙe baƙin tabarau.

Tun farko an tsara haɗa Birnin Kudu da Dutse a yini ɗaya. Zagayen ya kusa kilomita 300, kuma ko da yake mota ta ɗauka ba gardama, mun raba shi biyu. Tafiyar da aka kwashe ta ana kallon agogo ba ta da amfani ga waɗanda suka fito don su samu natsuwa da juna.

Birnin Kudu, kimanin kilomita 130 daga Kano, ita ce ta fi ba da mamaki. A kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai tsoffin zanen shanu a jikin dutse, akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar kuge. Wuraren suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma sai da ɗan jagora na gari, don ba a hango su daga titi. Kada a shafa zanen, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto. Hakan ke cinye launin. Batun sutura a nan ba wasa ba ne. Takalmi mai tsini ko silifas mai santsi ba ya hawa dutse. Takalmi sau-ciki mai roba, dogon wando a ƙarƙashin abaya, da hijabi madaidaici da ba ya jan ƙasa, su suka dace. Maigida ma ya bar babbar riga a gida.

Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ta fi dacewa da masu son tafiya mara wahala: tituna masu faɗi, duwatsu a cikin gari, tsohuwar unguwar Garu inda fadar sarki take, ga dabino na tsaraba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Yau ba a taɓa mota ba. An zauna a kan abin da ke ɓata tafiya ko da inji lafiya lau yake.

Na farko banɗaki. Namiji na iya tsayawa ko'ina, mace ba ta iya ba, kuma mata da yawa kan ƙi shan ruwa tun safe saboda wannan, su ƙare da ciwon kai. A kowace hanya muna sa alamar gidan mai ko masallacin da ke da kewaye na mata mai ƙofa, kusan duk bayan awa ɗaya. Buta, sabulu da jarkar ruwa su kasance a mota. Maigida ya tsaya a waɗannan wurare ba sai an roƙe shi ba.

Na biyu salla. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, daga lokacin da aka bar gidajen gari, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Dutse, Birnin Kudu, Daura da Yankari duk sun wuce wannan. Darduma biyu a but.

Na uku abinci. Abin da ba ya lalacewa da zafi kuma ba ya zuba: dambun nama, soyayyar kaza, gurasa, dabino, shayi a fulas. A bar miya mai ruwa da duk abin da aka haɗa da mayonis. Kuma kada a ɗora wa uwargida tashi ƙarfe uku na dare tana girkin tafiyar da aka ce don ta huta aka shirya ta. A saya, ko a yi tun jiya tare.

Yara a kai su gidan kaka ko gwaggo tun daren jiya, ban da mai shan nono. A sanar da mutum ɗaya amintacce hanyar da za a bi da lokacin dawowa, ba a bazama ana shelantawa a WhatsApp ba. Hotuna su jira a dawo gida. Mai mata fiye da ɗaya ya daidaita lamarin kafin ya sa mai a mota. Annabi (SAW) yana yin ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, kuma tsarin juyi a bayyane, kowa ta san nata lokacin, yana kashe ƙorafi tun bai taso ba. In za a kwana, a riƙe katin shaida da takardar aure, don wasu masaukai na tambaya.

Sai hira. Mun ga ya fi kyau ita ta riƙe taswira da lissafin kuɗi, ta zaɓi wurin tsayawa ɗaya da ranta ke so, don tafiyar ta zama ta su biyu. Maganar bashi, kuɗin makaranta da saɓanin dangi a bar su a Kano. Direban da ransa ya ɓaci ƙafarsa ke nauyi a kan totur.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Daura, kimanin kilomita 130, ta Kurna da Dawanau, sai Dambatta da Kazaure. Tunda arewa aka nufa, rana na gefe, tuƙin ya fi na hanyar Wudil sauƙi. Kasuwar Dambatta Lahadi take ci, shi ya sa Asabar ta fi. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta wannan yanki, saboda haka a sa ran tipa da ƙura a wasu mahaɗu. A ba su tazara, don tsakuwar da ke zubo musu na fasa gilashi.

Tuddan Kazaure wurin tsayawa ne mai kyau na shan shayi. A Daura, rijiyar Kusugu tana cikin gini a tsakiyar gari, da masu kula da ita da ke ba da labarin Bayajidda, macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da aurensa da sarauniya Daurama. Kowa ya ji labarin tun yana firamare, amma tsayawa a bakin rijiyar daban ne. A tanadi canji don ihsani ga masu kula da wurin. Iyakar Kongolam na kusa. Ba ta cikin tsarin, kada a matsa can ba takardun fita. A bar Daura kafin ƙarfe uku da rabi.

Alhamis, 4 ga Disamba

Hunturu ya sauka, an sake duba mota. Filtar iska ta toshe da ƙura. An canza ta maimakon a hura ta da iska mai ƙarfi, wadda ke yaga takardar ta bar ƙura ta shiga inji. An canza ta cikin ɗaki ma, wadda ke bayan akwatin gaban fasinja. Batir a kashe ya nuna volt 12.5, inji na aiki 14.1, duka daidai. Wanda nasa ya sauka ƙasa da 12.2 da safe ya canza kafin ya yi nisa, don sanyin asuba ke tona asirin batir mai rauni.

Cikin hazo, ƙaramar fitila ake kunnawa; babba tana dawo da haske ido. Kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi, a cika tankin ruwansa tukuna. In hayaƙin ƙunar daji ya rufe titi, a rage gudu tun daga nesa, a rufe tagogi. Lokacin tashi ya koma ƙarfe takwas har hazon safe ya ɗaga. An ƙara rigar sanyi, man kaɗe da takunkumin hanci a jerin kaya.

Lahadi, 14 ga Disamba

Tsarin Yankari ya kammala a takarda: kwana biyu, ba ɗaya ba. Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, a ware awa biyar da tsaye-tsaye. Daga Bauchi a bi titin Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a shiga daji har sansanin Wikki. Wannan wani kilomita 110 ne ko sama kaɗan. Tankin motar lita 50 ne. A cika a Kano, a sake cikawa a Bauchi ko da allura na rabi, don ba a dogara da samun mai bayan an bar babban titi. Mai lokaci ya tsaya a kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin Bauchi, amma ya bar garin kafin ƙarfe biyu.

An buɗe gandun ga baƙi a 1962. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki yana nan a kan digiri 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. Wuri ne na kowa da kowa, don haka ma'auratan da ke son sirri su sauka bayan sallar asuba, da suturar da ke rufe jiki ko ta jiƙe. Gwaggon biri a sansanin ba ya tsoron mutum: ƙofa da taga a kulle, kada a riƙe leda a hannu, kada a ba su abinci. Akwai ƙudan tsando a dajin, kuma baƙi da shuɗi ne ke jan sa, saboda haka baƙar abaya ta zauna a jaka ranar zagaye. A sa mai ruwan ƙasa ko fari-fari mai dogon hannu. Zagayen ganin namun daji da ɗan jagoran gandun ake yi. An fi ganin giwaye da ɓauna daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya janye suka taru a Kogin Gaji, don haka mun sa gwajin a farkon Fabrairu.

Abin da ya rage kafin nan: na'urar sanyin motar na rage ƙarfi in an tsaya, za a gwada ko gas ke zurarewa, a tabbatar da ɗaki ta waya mako guda kafin tashi, a kuma ji halin hanyar Ningi da ta Alkaleri daga bakin direbobin tasha ana gobe tafiya. Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka a wannan lokaci, hanyarta ta ƙarshe yashi ce kuma Corolla ta yi ƙasa da yawa. Ana neman aron mota mai tsayi kafin ƙarshen Janairu. Ƙaraye kuma Asabar mai zuwa.